Tambayar da Zinaida Take Koya

Taranto, 4 ga Maris

Zuwa ga Yayata Addolorata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar da sanyin Torino?

Yaya, wani abu ya tsaya mini a rai, ko da yake na san tun farko ba ki so na auri 'yar Moldova ba. Wata takwas da aurenmu, Italiyancin Zinaida bai wuce na cefane ba. In na ce ta koya, sai ta ce kanta ya tsufa. To, ran Talata na dawo daga shago cin abincin rana, na same ta gaban madubi tana maimaita, "Scusi, come mi devo vestire?" Wato a gaya mata kayan da ya dace ta sa, kuma da harshen girmamawa.

Shekara arba'in ina ɗinki a garin nan, angwaye ni suke yi wa wannan tambaya. Matata kuwa wani za ta tambaya? Na ce, "Wa ya gayyace ki biki?" Ta ce, "Kai dai ci taliyarka, karatu nake."

Na ji kunya, amma na lalube aljihunta. Na ga takarda da sunan wani Semeraro, da ranar Jumma'a.

Ƙanenki,
Cataldo

9 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ran Jumma'a na rufe shago na bi ta. Ta cire 'yan kunne, ta sa baƙin siket, ta shiga wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Allon ƙofar ya nuna Semeraro lauya ne. Awa guda ta yi, ta fito tana share ido.

Me mace take nema wurin lauya a ɓoye, in ba rabuwa ba? Ko gidan Mama take hange? Kwana uku ina cin abincinta ina kallon hannunta. Don Allah kada ki kira ta.

Cataldo

13 ga Maris

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Jiya na ajiye mata takardar a kan tebur, na ce, "In tafiya za ki yi, faɗa mini a fuskata."

Ta zauna ta ba ni labari. Ashe tana da ɗa, Grigore, shekararsa ashirin da shida. Faɗa ya kaure a gonar tumatir da yake aiki, aka ji wa wani rauni, aka kama Grigore, wata biyar ke nan yana tsare. Ran 28 za a shiga kotu. Lauyan ta je ta tambaya abin da uwa take sawa gaban alƙali, don kada shigarta ta jawo wa yaron raini. Ta ce, "Da na faɗa maka, da 'yan'uwanka sun ce ka auro uwar ɗan kurkuku."

Ban yafe ɓoyon ba tukuna, kuma ban san ko yaron yana da laifi ba. Amma na tambaye ta me shi zai sa. Ta ce rigar da aka kama shi da ita. Na ɗauko awo, ta buɗe hannuwanta ta nuna mini faɗin kafaɗarsa, na auna tsakaninsu. Da safen nan na yanka masa kwat.

Ran 28 kusa da ita zan zauna. Ki gaya wa sauran da kanki.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Cataldo