Inna, Ƙarar Nan Ta Kama Ni

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ne Issufu, autanki. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki.

Inna, ƙarar nan ta kama ni. Wadda kike cewa kina ji a kunne, kamar gyare ya shige ya ƙi fita. Yau wata bakwai. Wata ranar Talata na kashe injin niƙana a unguwar Zariya, injin ya yi shiru, kaina bai yi ba.

Na tuna ranar da muka ɗauke ki daga Jiratawa zuwa Tibiri wajen mai magani, aka yi miki hayaƙi har kina tari. A hanyar dawowa kika ce tana nan. Na ce miki tsufa ne, ki daina sa abin a rai. Kika ce, "Wanda bai ji ba, ba ya ganewa." Ba ki ƙara yi mini zancen ba.

Na je asibiti a nan Maraɗi. Lokotoro ya duba, ya ce babu ƙwayar da za ta cire ta, sai dai in saba da ita. Wai kada in zauna cikin shiru, in bar rediyo ƙasa-ƙasa, in daina bibiyarta, sannu a hankali hankalina zai bar kanta kamar yadda mutum ke mancewa da rigar jikinsa. Ya ce abin na ɗaukar watanni.

Ina yi, Inna. Wallahi ina yi. Na bar injin. Nakan je bakin magudanar ruwan gonarki in zauna, kukan ruwan na ɗan rufe ta. Rannan na yi kusan rabin awa ban ji ta ba. Ina lura da haka sai ta dawo.

Jiya a sallar la'asar na rasa raka'a nawa na yi. Ina sallamewa 'yata, takwararki, ta zo tana ja mini riga, na daka mata tsawa. Shekararta uku. Tun daga nan, in na shigo gida sai ta laɓe bayan uwarta.

Ke shekara tara kika yi da wannan ƙarar, ban taɓa jin kin ɗaga wa kowa murya ba. Yaya kika yi, Innata? Ba ni da wanda zan tambaya.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya hutar da ke. Ni kuma Ya ba ni ko rabin haƙurinki, kafin yarinyar nan ta girma tana tsorona.

Ɗanki,
Issufu