Haƙorin karenmu ya karye, gari ya ce hauka ne

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan grup. Don Allah a sa min wannan ba tare da sunana ba, kuma don Allah ku ba ni shawara, kar a tsaya a kan cewa maganar kare ce, ni dai abin ya hana ni sukuni.

Ni malamin Islamiyya ne a wani ƙauye a ɓangaren Bagwai, ina kuma noman rani, albasa da tumatir. Muna da kare mai suna Barsu, ba cikin gida yake ba, a fadama yake zaune yana gadin injin ban ruwa da awaki. Asali na yayana ne, Allah ya jiƙansa, shi ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo. Tun da Yaya ya rasu mahaifinmu ya mayar da rumfar fadama wurin yininsa. Baba ya tsufa, ba ya iya noma, amma kullum da safe zai ɗauki buta da carbi ya tafi, ya zauna a kan buzu, Barsu ya kwanta can gefe. Ba ya barin ya lashe shi ko ya hau shimfiɗarsa, amma ƙanzon tuwo da hannunsa yake jiƙa masa. Sau da yawa na tarar yana yi masa magana, irin maganar da ba ya yi mana.

To da ƙaramar sallah mijin ƙanwata ya zo, direba ne a gidan wani mai hali a Kano, masu karnukan nan na waje. Ya zo da wani ƙashin roba fari, mai tauri kamar ƙafar kujera, ya ce abin wasan karnukan maigidansa ne aka sake musu sabo, wai yana wanke haƙori. Da kyakkyawar niyya ya kawo, ba na zarginsa. Barsu ya kama abin nan kamar ya samu nama, yini yake yana gurgura. Wata rana ina gyaran kwamin albasa na ji ya yi wata ƙara, ya saki robar, na ga jini a jikinta, na ɗauka dasashi ya ɗan yanka. Ashe babban haƙorin ciki ne na sama ya tsage.

Daga nan ya fara tauna da gefe ɗaya, sai ya koma ya shinshina abinci ya juya. Ƙasan idonsa ya kumbura, miyau yana dalala, bakin yana wari, kuma duk wanda ya matso sai ya yi gurnani, karen da yara suke jan wutsiyarsa bai taɓa ɗaga kai ba. Maƙwabtan gona suka gani, kafin la'asar magana ta zaga gari cewa karen gidan Malam ya haukace. Mai unguwa ya kira ni cikin mutunci, ya ce mutane sun tsorata, mata sun daina bin hanyar fadama, ko dai in kawar da shi da kaina ko matasa su yi. Ban ga laifinsu ba, an taɓa rasa mutum a ƙauyen da ke kusa da mu da ciwon haukan kare, ba wanda ya manta.

Na ɗaure shi a gindin mangwaro, na je ranar kasuwa na ɗauko malamin dabbobi a babur. Ya ɗaure masa baki ya duba, ya ce haƙorin ya tsage har ciki kuma ya yi mugunya, ga shi yana shan ruwa lafiya, shi dai a ganinsa ciwon haƙori ne. Amma da na ce ya zo ya faɗa wa mai unguwa haka, sai ya ce ba zai rantse ba tunda an daɗe ba a yi masa rigakafi ba, a ci gaba da ɗaure shi ana lura. Ya yi masa allura, ya ce cirewa sai asibitin dabbobi a Kano don sai an sa shi barci. Na yi wa direbobin bas magana, kowa ya ce ba zai sa kare mai dalala cikin fasinja ba, wani ma har da dariya, wai Malam guda da rungumar kare.

Duk wannan da sauƙi. Jiya na lura Baba yana alwala yana ɓoye hannun hagu cikin riga. Na matsa masa, sai ya nuna min, sawun haƙori ne biyu a bayan hannun, ya shafa toka a kai. Ashe tun kafin in ɗaure karen ya yi ƙoƙarin buɗe masa baki ya ga abin da ke damunsa, shi ne ya kama shi. Na ce Baba mu tafi asibiti yanzu. Ya ce, "Ba inda za ni. Ciwo ne ya sa shi, ni na taɓa masa wurin. In ka faɗa wa wani suka kashe shi, ban yafe ba." Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba tunda nake. Na wanke masa da sabulu. Da zan tafi ya ƙara da cewa, ƙasa ƙasa, shi kaɗai ne abin ɗan uwanka da ya rage yana numfashi.

Matsalar ita ce ma'aikatan ƙaramin asibitinmu duk 'yan gari ne, yau na kai shi da cizon kare, gobe Barsu ba ya raye. In kuma na yi shiru ya zamana hauka ne da gaske, na san ba a jira da wannan ciwo, kuma ni ne zan ɗauki alhakin mahaifina. Matata ta ce in kira ƙannen Baba su tilasta shi, ran mutum ya fi na dabba, kuma gaskiya ta faɗa. Ni kuma na san ranar da aka kashe karen nan Baba ba zai ƙara taka fadama ba, ɗaki zai shige.

Don Allah masu ilimin lafiya da malamai da ke nan, ya zan yi? In yi masa dabara in kai shi wani asibiti nesa da gida, ko hakan yaudara ce? Akwai wanda ya san yadda ake kai kare Kano daga ƙauye, ko likitan da zai yarda ya zo? Kuma wannan "ban yafe ba" ɗin, tana kama ɗan da ya saɓa don ya ceci ran ubansa? Ku amsa min da wuri don Allah, hannun ya fara kumbura.