Saɓanin Malamai a Kan Ƙafar Baba

Madachi, Rano
3 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zaman baƙunta a ƙasar Sin? Mu nan damina ta zauna, dawa ta kai gwiwa. A takarda na rubuta zan ɗauki hotonta in turo maka, domin kunnen Baba yana nan yadda ka san shi, ko raɗa na yi a waya sai ya ji.

Maganar ƙafarsa ce. Ƙayar da ya taka a gona kafin babbar salla ta zama gyambo, babban yatsa ya yi baƙi ƙirin. Kawu Lado ya kai shi asibiti a Kano, likita ya ce ciwon sukari ya kashe wurin, sai an yanke daga idon sawu. Baba ya ƙi, kuma kai ne hujjarsa.

Ka tuna ranar salla da ya tambaye ka a waya abin da kake yi shekara huɗu a ɗakin bincike? Ka ce akwai wani sinadari da tsoka ke fitarwa, mai sunan nan kamar lambar mota, MG53, wanda ke yi wa naman jiki faci idan ya yage. Ka ce wasu malamanku na zarginsa da hana jiki jin insulin har sukari ya kama mutum, wasu kuma sun ce ba ruwansa, wataƙila ma maganin rauni ne. Sai ka rufe da cewa malamai sun yi saɓani. Kai da ka tashi a zauren mutumin da ya shekara arba'in yana karantar da fiƙihu! Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa saɓanin malamai rahama ne, idan ƙauli biyu suka zo, mai lalura yana iya ɗaukar mai sauƙi. Shi ya ɗauki na masu cewa magani ne, kuma ɗansa zai kawo masa.

Don girman Allah ka warware masa da bakinka, ni ba ya jin tawa.

Yayarka,
Juwairiyya

19 ga Yuli

Abdulganiyyu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan murar da na ji a muryarka ta sake ka.

Na kunna wa Baba saƙonka sau uku. Wallahi raina ya ɓaci da kai. Na roƙe ka ka ce babu maganin, sai ka ce ba a tabbatar ba tukuna, ana kan bincike. Na san tarbiyyar aikinku ce, ba kwa yanke hukunci sai kun gani da ido. Amma a duk dogon bayanin nan kalma ɗaya Baba ya tsinta, ita ce tukuna. Ya ce mai cewa tukuna yana tafe.

Ba ka ga ƙafar ba, shi ya sa kake iya zaɓen kalmomi. Ni ce nake wanke ta safe da yamma. Baƙin ya haura idon sawu, kuma warin ya fi ƙarfin turaren wuta. Dattawan da ke zuwa ɗaukar karatu bayan la'asar sun fara janye tabarmarsu zuwa bakin ƙofa, suna cewa zafi ne ya dame su. Yana lura, yana yi musu kara.

Zan faɗa maka abin da ke cin raina, ka yafe mini. Wata guda na baro gidana a Kibiya na tare a nan, amma ko sau ɗaya bai ce hannuna ne zai warkar da shi ba. Sunanka kaɗai yake ambata, kai da ɓerayen gwajin da kake yi wa allura. Jiya na iske kaina ina addu'a Allah ya sa ya suma, ko Kawu Lado ya sa hannu a takardar aikin a madadinsa. Ka ga inda na kai.

Ka sake kira, ka ajiye boko gefe ka yi masa Hausa.

Taka,
Juwairiyya

2 ga Agusta

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya haƙuri? Na ji kukan da ka ɓoye a saƙon jiya, ni ma na yi nawa a bayan rumbu.

Wannan karon ba ka rage komai ba. Ka ce a jikin ɓeraye kuke gwadawa, babu wata kwalba da za ka iya kawowa, ko shekara goma ba lalle ba ne, ya yarda a yanke. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi. Ya ce yanzu kai ma ƙauli biyu gare ka. Na farko ka faɗe shi ranar salla cikin natsuwa, na biyu kuwa Juwairiyya ce ta tsorata ka, kuma fatawar da aka bayar cikin tsoro ba a aiki da ita. 

Kawu Lado ya kai wa likitan hoton ƙafar. Likitan ya ce yanzu sai dai daga cinya, kuma da zazzaɓin nan da ba ya sauka, ko an yanke ba ya iya yin alkawari. Ni na daina roƙon Baba. Ina wanke ƙafar, ina dama masa kunun da ba ya sha.

Ka ce kana neman jirgi. Idan za ka zo, ka zo cikin makon nan. Da ya ji kana tafe, ya sa na ɗauko takalminsa na zuwa Juma'a, na goge ƙafa biyun, na ajiye masa a bakin ƙofa. Ya ce ranar da zai raka ka filin jirgi za ka koma, da su zai taka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Juwairiyya