Kafin Ruwan Farko Ya Sauka a Zauren Malam Habu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Tsofaffin Gine-gine na Cikin Birni,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaida Shugaba da sauran 'yan kwamiti, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku.

Zan fara da abin da na gani da idona, domin a kansa sauran maganata ta dogara.

Ranar Talata ta makon jiya, bayan sallar la'asar, na je zauren Malam Habu Mai Zayyana da ke Kabara, wato zauren nan na ginin ƙasa da ma'aikatan kwamitinku suka shafe da siminti da fentin mai watan da ya gabata. Na tarar da Malam Habu a waje, ya manna kunnensa na dama a jikin bangon gabas. Na yi sallama, ya amsa, ya yi mini alamar in dakata. Sai ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bangon, ya saurara, ya matsa gaba taku ɗaya ya sake ƙwanƙwasawa, haka har ya kai kusurwa. A yawancin wuraren ƙarar a daƙile take, irin ta bango mai lafiya. A wuri uku kuwa ta fito kamar an buga ƙwarya a kife. Daga nan ya ja ni cikin zauren, ya kama hannuna ya ɗora tafin a gindin bangon. Na ji sanyi, kuma da na ɗaga hannun sai ga ɗanyar ƙasa ta biyo shi, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tukuna a bana. Da muka fito ya nuna mini sama da sandarsa. Indararo uku ne a wannan bangon: biyu an cike bakinsu da siminti an shafe, na ukun kaɗai ke buɗe. Sai ya ce: "Nafi'u, sun toshe masa hanci."

Iyakar abin da na gani ke nan. Ni malamin zane ne a makarantar sakandare, shi na karanta a jami'a. Ni ba magini ba ne, ba kuma injiniya ba, saboda haka inda sanina ya tsaya zan faɗa. Rubutu a bainar jama'a ba ɗabi'ata ba ce. Washegarin ranar na kai takarda ofishinku, ba a amsa ba. Na kai ta biyu ranar Litinin, wanda ya karɓa ya shaida mini cikin ladabi cewa an kammala aikin Kabara, an rufe fayil ɗinsa. Abin da ya sa na biyo ta wannan hanya ke nan, ina kuma neman afuwa.

Na ɗaya. Ya kamata Shugaba ya san mutumin da abin da ke cikin zauren. Malam Habu ya haura shekara saba'in. Bai gaji zane ba, mahaifinsa ɗinkin hula yake yi. Ta hanyar allo ya shiga: malaminsu ya lura cewa gefen allonsa ya fi tsakiya cika, maimakon ya hore shi sai ya danƙa masa zayyanar allunan masu sauka. Daga allo ya koma bin magina yana yi musu ado a kan ɗanyen yaɓe. Da ginin ƙasa ya ja baya, ya shafe shekaru yana rubuta allunan shaguna a Ƙofar Wambai da zane a bayan manyan motoci, har warin fenti ya ishe shi ya dawo zauren gidansu.

Kowane bango na zauren, ta ciki, yana ɗauke da zango ɗaya na wannan tafiya. Na arewa zayyana ce irin ta allo. Na kudu dagi ne da saƙar magina. Na yamma shi ne na zamanin kasuwa: agogo, buta, keken ɗinki, da wani jirgin sama mai fiffike huɗu, wanda ya ce don tausayi ya ƙara masa biyu. Bangon gabas kaɗai ya bari fari fat, domin shi ne alƙibla, ba ya son ado ya shiga tsakaninsa da sallarsa. A gindin wannan bangon buzunsa yake.

Ba shi kaɗai ya ci gajiyar zauren ba. A nan na fara riƙe alƙalamin zayyana, shekaru kafin in san ana ba da digiri a kan zane. 'Yarsa, Malama Rabi, da lalle ta fara a hannun mata, yanzu a kan ƙyalle take zane, kuma wanda ya san bangon arewa zai gane layukansa a aikinta. Akwai masu rubuta allunan shaguna da har yau suke zuwa ranar Asabar ya duba musu tsayuwar haruffa.

Na biyu. Yadda yake aiki shi ne bayanin abin da ke faruwa yanzu. Malam Habu ba ya fara zane da fensir. Ƙasa yake yaɓawa, kafin ta bushe ya bi ta da yatsa, inda ya kuskure ya shafe da tafin hannu ya sake. Launukansa da kansa yake haɗawa: jar ƙasa daga gindin Goron Dutse, farar ƙasa, shuni daga marina, baƙi daga gawayi, duk ya dama da ƙaro. Bayan kowace damina yana bin bangon ta waje da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa, wanda ke kore ruwan sama amma ya bar bango ya fitar da danshinsa. Akwai kwata da ke bin gindin bangon gabas tun kafin a haife ni. Bangon yana shan danshinta ta ƙasa, rana ta buge shi da hantsi ya fitar. Haka suka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya cuci wani.

Siminti da fentin mai sun ɓata wannan zama. Danshi yana shiga kamar kullum, amma ba shi da mafita, sai ya kwanta yana jiƙa tubali. Wuraren da suka yi ƙarar ƙwarya su ne inda ƙasa ta riga ta saki simintin.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Bangon ƙasa ba ya faɗuwa ba sallama: zai tsage, ya kumbura, ya zubar da ɓarɓashi, mai shi ya gani ya gyara. Wanda aka rufe da siminti kuwa fuskarsa za ta ci gaba da sheƙi har ranar da zai zube gaba ɗaya. A kan wannan bangon kawunan azarar rufin suke zaune. In ruwa ya taru a sama, domin indararo ɗaya ba zai kwashe ruwan uku ba, a kansa nauyin zai sauka. Na roƙi wani tsohon magini na unguwarmu ya je ya duba. Ya zagaya, ya taɓa, ya ce "Allah ya kyauta." An kawo masa ruwa, ya ƙi zama a ciki, a bakin ƙofa ya sha a tsaye.

Na uku. An yi gargaɗi tun kafin a fara. Ranar da aka sauke buhunan siminti, Malam Habu ya roƙi shugaban ma'aikatan ya bar masa bangon gabas, ko kuma a yi masa makuba shi yana nunawa. Ina wurin. Mutumin bai yi rashin kunya ba, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya yi dariya ya ce, "Baba, ka huta da wahalar ɗorawa. Wannan siminti ne, sai jikokinka sun gaji da ganinsa." Game da indararo, ya ce an umarce su su rage saboda suna ɓata hoton bangon. Ban san wanda ya ba da umarnin ba, ba kuma zan zargi wanda ban sani ba. Adon waje da simintin ya binne, da buroshi suka kwaikwaye shi daga hoton waya, kuma a dagin da suka zana zaren da ya kamata ya bi ta ƙasa ya bi ta sama a wuri biyu, saƙar ta warware. Amma ba a kan wannan nake ƙorafi ba, ado ana sake shi.

Abin da ya ɗaure mana hannu shi ne allon da aka kafa a ƙofar zauren bayan kammala aiki, mai cewa ginin yana ƙarƙashin kulawar kwamiti, kuma duk wanda ya taɓa shi ba da izini a rubuce ba zai fuskanci hukunci. Magina biyu na nema. Dukansu sun karanta allon, suka ba ni haƙuri.

Na huɗu. Wajibi ne in faɗi nawa rabon. Ni na jawo kwamitinku zuwa zauren. Bara na rubuta muku takarda haɗe da hotuna, ina roƙon a sa shi cikin gine-ginen da za a kula da su, saboda na ga hawa tsani ya fara gagarar Malam Habu. Na cika shafi huɗu a kan ado. Ban rubuta layi ɗaya a kan makuba ko kwata ba, domin a jami'a kallon fuskar bango aka koya mini, ba a koya mini saurarensa ba. Ranar da Malam Habu ya yi roƙonsa ina tsaye na yi shiru, na ɗauka masu takardar aiki sun fi mu sani. Bai taɓa tuna mini da wannan ba. Da ya tuna mini, da abin ya fi mini sauƙi.

Na biyar, kuma shi ne dalilin gaggawa. Malam Habu ba zai tashi daga zauren ba. Gwiwoyinsa ba sa kai shi masallaci sai ranar Juma'a, saboda haka a kan buzun nan yake sallolinsa, a nan yake wuni, a nan yake ƙailula. Malama Rabi ta gyara masa ɗaki a cikin gida, ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka. Amsarsa ɗaya ce: "Ke Rabi, ina kika ga ana barin mara lafiya shi kaɗai? In na tashi, wa zai ji in ya yi nishi?" Na daina kai ɗalibaina. Masu zuwa ranar Asabar sun koma zama a waje. Shi kaɗai ya rage a ciki.

Shekaranjiya da yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙanshin ruwa, sannan ya watse. Jiya ya sake haɗuwa, ya fi na shekaranjiya daɗewa. Mutanen unguwa suna roƙon Allah ya saukar da shi, kuma suna da gaskiya, zafi ya yi yawa. Ni ne na rasa addu'ar da zan yi.

Saboda haka, ya Shugaba, ga roƙona. Da farko a ba mu izini a rubuce, ko da layi biyu ne da sa hannu, mu buɗe indararo biyun nan. Aikin guduma ne da ba zai kai azahar ba, kuma ba sai kwamiti ya zauna a kansa ba. Sannan a yarda a tokare azarar rufin ta ciki, a ɓamɓare simintin bangon gabas da hannu a hankali, magini mai ginin ƙasa ya yi aikin, Malam Habu yana zaune a waje yana nunawa. Na tabbata wannan kaɗai ne zai fitar da shi daga zauren da ƙafarsa. A ƙarshe, in akwai wasu gidajen ƙasa da aka yi wa irin wannan shafe, a aika wanda ya san ƙasa ya je ya ƙwanƙwasa su. Ba na neman a hukunta kowa. Na yarda niyyar kwamiti ta alheri ce, domin irinta na yi lokacin da na rubuta muku.

Allah ya taimaki Shugaba, ya ba shi mashawarta na gari, ya sa wannan takarda ta riga ruwa isa. Allah ya tsare mu daga nadamar da ba ta da magani.

Wassalam.

Nafi'u Isyaku,
malamin zane, Kabara.

Gyara: a sama na rubuta cewa wuri uku ne suka yi ƙarar ƙwarya. Huɗu ne. Na huɗun yana tsakiyar bangon, daidai bayan inda buzun Malam Habu yake ta ciki. Sau biyu ya ƙwanƙwasa shi, sannan ya dube ni ya ce kada Rabi ta ji. Na yi masa alkawari, shi ya sa na rubuta uku. Allah ya sa ya yafe mini.