Hannun Hagu na Duan Yifei

Litinin, 11 ga Nuwamba

"Malama Shen, wanda ya sani ya ɗaga hannun dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ke dai ki riƙa kiran na dama." Malam Qiu ke nan, shugaban sashen lissafi. Ranar Juma'a mai duba malamai za ta zauna a bayan ajina, kuma abin da ta gani shi zai sa a sabunta mini aiki ko a sallame ni. Na ce to. Wannan dai ba a koya mana a jami'a ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun yi gwaji. Darasin: f tana ƙara uku, g tana ninkawa biyu, a zuba sakamakon ɗaya cikin ɗayar. Hannuwa sama kamar dajin gora. Duan Yifei ta layin baya ta ce, "Malama, haguna fa zai yi ƙwanji kafin Juma'a." Sai da na fita na yi tawa dariyar.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ƙwan shayi, wato ƙwan da wata mata ke dafawa cikin ruwan shayi a bakin ƙofar makaranta, shi kawai cikina ya karɓa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An gama, ina da rai.

Mai duba malaman, wata dattijuwa, ta ce ita za ta zaɓi mai amsa. Ta nuna Yifei, da hagunta a sama. Yarinya ta miƙe ta ce f(g(x)) da g(f(x)) ɗaya ne, "tunda dai aikin biyu ne." Malam Qiu ya ƙura wa rufi ido.

Babu wannan a shirina. Na ce, "Mai ƙwan shayi, me take fara yi?" Suka ce dafawa, sannan ta fasa ɓawon. "In ta fara fasawa fa?" Wani ya yi ihu, "Miyar ƙwai ke nan, Malama!" Yifei ta fito allo da kanta, ta gwada da ɗaya: nan biyar, can takwas. Ta ce, "Au."

A baranda dattijuwar ta ce mini, "Sai baɗi, Malama Shen." Ta rage murya: "A zamaninmu kunne ake taɓawa."

Litinin, 18 ga Nuwamba

Malam Qiu ya ce na taki sa'a. Gaskiyarsa.

Yau 'yan hagu kaɗai na kira. Don dai hannun ya huta ne, ba wani abu ba. Aka tashi daga aji, Yifei ba ta bar allon ba. Na ce ta kashe fitila in ta gama, na ja mata ƙofa na tafi.