Kifin da Nani Ba Ta Ci Ba

Ƙauyen Lamba 58, Corentyne
14 ga Maris, 1999

Zuwa ga Ma,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, sanyin Toronto bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Yaya aiki, yaya tsohuwar da kike jinya? Mahaifiyarki, Nani, tana nan yadda kika bar ta. Tana ci tana sha, bakin dai bai buɗe ba tun shanyewar jikin.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Amma ki fara sanin wannan: gidan yana nan, gonar shinkafar ma tana nan. Saura kwana uku su bar hannunmu na farga.

Kin san yadda nake shiga ofishin ƙauye in karanta Gazet ɗin gwamnati, wadda ba mai taɓa ta sai in za a kashe ƙuda. Ku ne kuke cewa wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara sha uku me ya haɗa shi da ƙananan rubutu. To, ran Talata, a shafin filayen da za a sauya wa mai su, na ga sunan Nani. Gida da gona, za su koma hannun wani kamfanin casar shinkafa, ta hannun wakilinta, Harrilall. Ɗan uwanki Harrilall, ɗan wan mahaifinki Nana, wanda ko jana'izar Nana bai zo ba don yana daji wajen haƙar zinariya. Wai yana riƙe da takardar wakilci da Nani ta sa wa hannu. In kwana sha huɗu suka cika da fitowar sanarwa ba wanda ya shigar da ƙin amincewa, magana ta ƙare. An riga an ci sha ɗaya.

Na ɗauki adda, ba zan ɓoye miki ba. Na kai bakin titi da ita, sai na ga motar garin New Amsterdam, inda lauyoyi suke, ta tsaya, na jefa addar a kwata na shiga.

Lauyoyi biyu suka kore ni saboda warin man tarakta. A ofis na uku na tsaya ina zazzaga wa akawu sashen doka daga tsohon littafin nan da na tsinta a gwanjo, sai wata dattijuwa ta leƙo ta ce, “Wane ne wannan mai karanta mini dokar da aka gyara tun kafin a yaye shi?” Na ce in an gyara, sai a gaya wa talakawa, ba a ɓoye a aljihun lauyoyi ba. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, “Shigo, mai baki.”

Barista Ismay Cadogan ke nan, Ma. Ashe ba ƙaramar mace na yi wa tsiwa ba. A Landan ta yi karatu. Shekara talatin da ɗoriya tana shari'ar bankuna da kamfanonin jiragen ruwa a babban birni Georgetown, ta tura 'yan damfara masu ɗaura taye gidan yari, ta taɓa maka wata ma'aikatar gwamnati a kotu ta kayar da ita, aka yi shekaru ana ƙin gaishe ta a taro. Ranar Talata kawai take zama a wannan ofis, don uwarta 'yar yankinmu na Berbice ce.

Ran Juma'a da hantsi aka buga hatimi a takardarmu. An tsayar da cinikin, sai kotu ta duba. Na fito daga ofishin rajista, na sha ruwan kwakwa biyu a tsaye.

Kada ki yi kuka, kada kuma ki buga wa matar Harrilall waya. Ki gaida mutanen gidan da kike.

Ɗanki,
Hemchand

22 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Ma,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso, rigar sanyin ta yi wa Nani daidai, ko da yake ban san wane sanyi kike zaton muna da shi a nan ba.

Kin tambaya me ya sa shari'ar take jan ƙafa. Ni ma na tambaya, da murya mai ƙarfi, har Barista ta ce in na sake buga mata tebur za ta sa ni in goge shi.

Matar nan aikinta ya kusa haukata ni. Na kai mata shafi bakwai na hujjoji da na rubuta da hannuna, cewa a kawo masanin rubutu ya gwada sa hannun. Ta ce sa hannun ya yi kama ƙwarai, Harrilall zai kawo nasa masanin, a yi ta musu har jikokina. Ta ajiye takarduna gefe, ta ɗauko kalandar shekarar 1996, ta ce in ba ta labarin gidanmu wata-wata. Wa ya zo, wa ya yi ciwo, yaushe aka yi girbi, me aka dafa. Na ce ni lauya na zo nema, ba abokiyar hira ba. Ta ce, “Ɗana, maƙaryaci yakan kula da takarda sosai. Ranar da ya ɗora takardar a kanta ce ba ya kula da ita. Ci gaba, muna watan Mayu.”

Da muka kai wani wuri sai ta ajiye biro. Ta juyo da takardar Harrilall ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Ma, sau goma na karanta takardar nan ina farautar kuskuren doka, abin yana gaban idona ban gani ba. Kunya ta rufe ni.

Ba zan gaya miki mene ne ba. Ta sa na yi alkawari, kuma sunanki ta fara ambata, don na ce mata ba kya iya riƙe fushi a waya. Ta ce to ashe gado ne. In Harrilall ya ji kafin ya rantse a gaban alƙali, zai ce kuskuren mai buga takarda ne, ya gyara labarinsa.

Makon jiya na kusa ɓata komai. A bikin 'yar maƙwabcinmu, ana cikin rabon abinci a ganye, ga Harrilall da sarƙar zinariyarsa kamar igiyar ɗaure saniya. Ya ce a gaban mutane, “Ga lauyan gindin mangwaro! Hemo, ka fara haɗa kayan tsohuwa ko sai na turo mota?” Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Kalma biyar kacal, da na ga fuskarsa ta zube. Na cusa gurasar roti a baki har ya shaƙe ni, aka yi ta bubbuga mini baya ana dariya. Kowa ya tafi da cewa tsoro na ji. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan ba, amma na haɗiye, kuma da na dawo gida na ji daɗin hakan fiye da yadda zan iya faɗa miki.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Ɗanki,
Hemchand

13 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga Ma,

Ina gaishe ki gaisuwar da ban taɓa yi miki irinta ba. Da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ya taɓa yi miki alheri a ƙasar nan. Mun ci, Ma. Na faɗa miki a waya, amma kuka ya hana ki jin sauran, ga shi a rubuce.

Barista ta shiga da baƙar rigarta, ta yi wa Harrilall magana a hankali kamar mai tambayar hanya. Ya ce shi da kansa ya kai Nani Georgetown ran 11 ga Yuni, 1996, ta sa hannu a gaban jami'in shaida. Ta ce ai tafiya ce mai nisa ga tsohuwa, yaya suka ƙetare kogi? Ya ce jirgin fito na safe. Ta ce Nani ba ta gaji ba? Ya ce ina, tana ta hira da dariya. Ta ce to sun dai ci wani abu ko? Nan bakinsa ya buɗe. Wai ya kai ta bakin kasuwa ya saya mata soyayyen kifi da burodi, ta cinye har ta ce a ƙaro yaji. Har da murmushinsa, wai shi ɗa na gari.

Barista ta ce, “Madalla. Malam Harrilall, yaushe kawunka, mijinta, ya rasu?”

Ya ce wajen farkon damina. Ta miƙa masa takardar shaidar mutuwa ta ce ya karanta da ƙarfi. 3 ga Yuni.

Ki ƙirga, Ma. Kwana na tara cikin sha ukun makoki. Kina nan lokacin, ke kika riƙa kwana kusa da ita. Nani da fararen kaya a kan tabarma, ko bakin ƙofa ba ta taka ba, gidan ba nama ba kifi sai miyar waken dal da kabewa, mutane suna shiga suna fita. Shi yana daji, bai zauna makokin ko na yini ɗaya ba. Ya san dai Nana ya mutu, ya san jikin Nani ya shanye a Yuli, sai ya zaɓi rana a tsakani inda hannunta ke aiki.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, “Kifi! Kai, Harri, ko kunya!” har aka tsawata mata. Pandit, malamin addininmu, ya zo da littafinsa na addu'ar ranar sha uku, maƙwabta uku suka yi shaida. Lauyan kamfanin ya tashi ya ce su ma yaudararsu aka yi. Alƙali ya soke takardar, ya ce a miƙa wa 'yan sanda fayil ɗin, har da wanda ya buga mata hatimi.

Wata goma sha ɗaya ina shirya zagin da zan yi wa Harrilall a matakalar kotu. Da ya fito, gumi ya jiƙa masa riga, yana neman inda zai sa idonsa, sai na fasa. Na matsa masa ya wuce.

Na yi wa Barista godiya, na rikice har na ce ta yafe mini bugun tebur. Ta ce ta ga manyan daraktoci da suka kasa yin shiru na mako guda. Ta ba ni sabon littafin dokar filaye ta ce in jefar da wancan, in kuma karanta ranaku kafin in karanta sassa. Daga nan ta shiga mota, wai tana da shari'ar wani banki da safe.

Ban taɓa gaya wa Nani komai ba, duk tsawon lokacin nan. Na same ta cikin lilonta na buhu a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da shi, na zauna a ƙasa na ɗora kaina a ƙafarta. Ta ɗan shafa ni, sannan ta ja kunnena da hannun mai lafiya, ta nuna mini sama, wajen ɗakinta. Rufin yana yoyo tun bara. Ƙin gyarawa na yi, don na rantse ba zan buga ƙusa ɗaya a gidan da wani zai kwana ba. Ita kuwa tana ganin ragwanci ne kawai.

Gobe da sassafe zan sayo kwano. Ki gaya mini launin da kike so.

Ki huta lafiya, ki yi barci.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Hemchand