Kuskuren da Na Rufe wa Baki

Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya aikin jinya da tsayuwar da ba ta ƙarewa? Allah ya ba da lada.

Za ki yi mamakin ganin hoton rubutun hannuna maimakon kira. Sau uku ina danna lambarki ina kashewa, don na san da zarar kin ce "Gajeriya, ya aka yi?" kuka zai ƙwace min. Ofishinmu kuwa ɗaki ɗaya ne, ko tari ka yi sai kowa ya ce sannu. Yanzu haka a matattakalar bayan gini nake zaune, takarda a kan gwiwa.

Kin tuna manhajar da muka yi wa wani asibiti, wadda ke ɗauko sakamakon gwajin jini daga na'ura ta kai wa likita a kwamfutarsa? Ni na rubuta ɓangaren da ke karɓar sakamakon. Yau da safe dattijon da ke ɗakin gwajinsu, wanda muke kira Mai Tabarau, ya bugo wa Oga waya. Ya ce takardar da na'ura ta fitar wa wata mata jiya ta nuna fotasiyam ɗinta ya wuce iyaka, amma kwamfutar likita ta nuna lafiya lau. Allah ya sa idonsa ya kai kan takardar, ya ruga da ita da ƙafarsa. Ke kin fi ni sanin abin da wannan gishirin ke yi wa zuciya. Oga ya ce masa wataƙila sabis ne, za mu duba, ya ajiye waya ya ci gaba da shan shayinsa.

Ni kuwa na buɗe abin da na rubuta, nan take na ga inda matsalar take.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Idan manhaja tana cikin aiki ta ci karo da abin da ba za ta iya ba, takan jefo kuskure, mu muna ce masa eksefshan. Idan babu wanda ya cafe shi, komai sai ya tsaya cak. Don haka ake tanadar wurin cafewa, a rubuta abin da za a yi: a ajiye bayanin abin da ya faru, a sanar da mai amfani, a dakata. Wata takwas da suka wuce, ranar da za mu nuna wa shugabannin asibitin aikinmu, manhajar ta yi ta tsayawa. Oga ya ce kada ta kuskura ta kunyata shi a gaban baƙi. Sai na yi wurin cafewa mai haɗiye kowane irin kuskure, na bar cikinsa fayau, ko layi ɗaya ban rubuta ba. Na ce gobe zan dawo in gyara. Goben nan ba ta zo ba.

Ashe idan jini ya yi munin da ya wuce ma'aunin na'urar, takan sa wata alama a gaban lambar, mai nufin "ya fi haka". Manhajata lamba zalla take jira. Da ta ga alamar sai ta kasa karantawa, ta jefo kuskure, ni kuma na haɗiye. Kafin nan ta riga ta canza kwanan wata. Abin da likita zai gani shi ne tsohon sakamakon majinyaci da kwanan watan yau.

Yaya, sakamakon masu lafiya duk yana wucewa daidai. Na waɗanda ke bakin mutuwa ne kaɗai yake ɓata.

Ban gaya wa kowa ba. Tun hantsi nake kallon layukan nan, abincina yana jaka ban taɓa ba. Zan iya gyarawa cikin minti goma ba wanda ya sani. To waɗanda ta riga ta yi wa ƙarya fa? Mutum nawa ne? Ina tsoron in ƙirga, ina tsoron kada in ƙirga. Don Allah kada Mama ta ji, kin san hawan jininta.

Ki gaishe min da kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Gajeriya

Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huta gajiyar aiki, yara kuma sun tafi makaranta lafiya.

Na gode da faɗan da kika yi min da sassafe. Tun ina aji uku rabon da ki ɗaga min murya haka. Da kika ce kowace awa da na yi shiru wani yana kwance da jinin da ba a sani ba, ban ƙara jin sauran maganar ba, takalmi kawai na nema.

Na samu Oga shi kaɗai, na juya masa kwamfutata, na nuna masa. Ya karanta sau biyu. Ya tashi ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in gyara yanzu, mu tura sabuwa, a bar kaza cikin gashinta, don in asibitin suka ji, mu shida duk mun koma gida. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, zan gyara, amma sai mun san su waye." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai ga Dogo, abokin aikina da teburinsa ke kusa da nawa, ya turo ƙofa da kofi a hannu. Ya ji ƙarshen maganar, ya ce shi ma ya duba aikin nan lokacin ya sa hannu, don haka da shi za a je. Oga ya ɗauki makullin mota, muka nufi asibitin.

Da yake ban ajiye bayanin ko kuskure ɗaya ba, ba mu da abin dubawa. Sa'armu ɗaya, saƙonnin da na'urar ke turowa suna nan ajiye yadda suka zo. Muka zauna a ɗakin Mai Tabarau, tsakanin firji da kwandon kwalabe, muka nemo duk saƙon da ke da alamar nan. Dogo yana karantowa, ni ina rubutawa.

Bakwai ne.

Babbar likitarsu ta sa aka kawo fayil ɗin kowa. Ɗaya ita ce matar shekaranjiya, tana samun sauƙi. Huɗu jinin ne ya lalace a kwalba, an sake musu gwaji daga baya, lafiyarsu ƙalau. Duk fayil ɗin da ta rufe sai in ji numfashi ya ɗan dawo min. Ta buɗe na shida ta daɗe tana karantawa. Wata tsohuwa ce, ta rasu wata biyu da suka wuce. Na tambaye ta ko ni ce sanadi. Ta cire tabarau ta ce, "Ciwonta ya riga ya yi nisa. Amma ba zan ce miki eh ba, ba zan ce miki a'a ba." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na bakwai kuma wani tela ne mai ciwon ƙoda. An ɗebi jininsa jiya da safe, likita ya ga tsohon sakamako, ya sallame shi da la'asar. Jiya, Yaya. Lokacin da nake zaune a matattakala ina rubuta miki wasiƙa, shi yana ɗaure kayansa zai tafi gida.

Wayarsa a kashe. Lambar matarsa da aka rubuta saura lamba ɗaya ta cika. Adireshin kuwa "bayan gidan mai" kawai aka sa, da sunan unguwar da ke da gidajen mai huɗu. Asibitin sun tura mota da ma'aikaciyar jinya, sun ce in jira a nan. Ina kan benci a gaban ofishin babbar likita, duk wayar da ta yi ƙara a ciki sai in miƙe tsaye. Ki gaya min gaskiya, mutum zai iya kai kwana biyu da irin wannan jinin?

Taki,
Gajeriya

Asabar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna nan lafiya. Ki yi haƙuri da gajerun amsoshin da na riƙa turo miki kwana biyun nan, sai yau na samu natsuwar zama.

Ranar Laraba motar ta dawo babu kowa. Alhamis da safe na roƙi a tafi da ni, ma'aikaciyar jinyar ta ce in shigo, ido huɗu ya fi biyu. Muka bi gidajen man ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar duk shagon da muka ji ƙarar keken ɗinki. A na uku wata mai sayar da zare ta ce ta san shi, ta nuna mana lungu. Shagon a rufe yake da kwaɗo. Na tsaya ina sauraron ko zan ji kuka daga cikin gidan da ke jikin shagon.

Matarsa ce ta leƙo. Ta ce yana ciki, tun jiya ƙafafunsa sun yi nauyi, ya kasa taka keke, ƙirjinsa yana wani irin bugu, amma ya ce ai likita ya sallame shi, gajiya ce. Mun same shi kwance a tabarma, yana ba mu haƙuri wai bai iya tashi ya gaishe mu ba. Ma'aikaciyar jinyar ta kama hannunsa, na ga fuskarta ta canza, ta ƙwala wa direba kira. Hanyar dawowa ba zan iya ba ki labarinta ba. Idona yana kan ƙirjinsa, in ya ɗaga in ce Alhamdu lillahi, in jira na gaba.

An wanke masa jini a ranar. Babbar likita ta ce da an ƙara yini guda, da wani zancen ake yi. Jiya ya zauna da kansa, har yana tambayar wa zai ƙarasa wa mutane ɗinkinsu.

A wurin aiki kuma, ni da Dogo mun sake rubuta ɓangaren. Yanzu kowane kuskure da wurin cafewarsa daban. Wanda muka san shi, manhaja za ta ajiye bayaninsa, ta ƙi taɓa fayil ɗin majinyaci, ta fito wa likita da jan rubutu cewa ya nemi takardar na'ura. Wanda ba mu san shi ba, mun bar shi ya wuce ba a cafe ba, ya tsayar da komai. Mun kuma bi sauran aikin kamfanin kaf, muka samu wuraren cafewa goma sha ɗaya da babu komai a cikinsu. Biyu na Oga ne da kansa.

Ranar Litinin kwamitin asibitin zai zauna da mu. Ban san ko zan kai ƙarshen wata da aikina ba. Za kuma su kira 'ya'yan tsohuwar nan su gaya musu. Na ce ina so in kasance a ɗakin. Oga ya ce ba dole ba ne. Na san ba dole ba ne, amma zan je.

Ɗazu na koma duba telan. Matarsa tana zaune a baranda da kwanuka a cinya. Ta ce, "'Yar nan, ke kuwa likita ce ko ma'aikaciyar jinya? Tun shekaranjiya nake ta miki addu'a ban san me zan kira ki ba." Da na yi shiru da ta ci gaba da sa min albarka. Na durƙusa na gaya mata cewa ni ce na rubuta abin da ya sa aka sallami mijinta da ciwo a jikinsa.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta matsa gefe ta bar min wuri a bencin, ta ce, "To zauna ki sake faɗa min a hankali. Shi zai tambaye ni, ina so in gaya masa daidai."

Na zauna na faɗa mata, tun daga ranar da baƙi suka zo ganin manhajar.

Gobe zan je in gaya wa Mama da bakina, kafin ta ji a wani wuri. In kin samu sarari ki kira ta da yamma, za ta buƙace ki. Ki shafa min kan yara, ki gaishe da maigida.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gajeriya